Me ya sa tayar babur ɗinka baƙa ce?

Ka san ruwan bishiyar roba fari ne tas kamar nono? Baƙin da kake gani a taya garin kabon ne, ɗan'uwan baƙin hayaƙin fitila, da ake cuɗawa da robar. Wasu ƙwayoyinsa ba su kai nanomita 50 ba, kuma sai an tara nanomita miliyan ɗaya ake samun milimita guda.

Ita roba dogayen zaruruwa ne a cukurkuɗe kamar dafaffiyar taliya, kullum suna motsi. Da an zuba garin, zaruruwan da ke kusa da kowace ƙwaya sai su maƙale mata, motsinsu ya ragu. Gwargwadon laushin garin, gwargwadon yawan wurin kamawa. Shi ya sa kwalta ba ta cinye taya da wuri.

Amma fa abin yana da illa. Duk juyin taya, zaruruwan nan kamawa suke suna saki, gogayyar ta koma zafi, ta sha maka mai. A 1992 kamfanin Michelin ya fito da taya mai garin silika don rage wannan asara.

Kai kuma, in ka bar tayarka ba isasshiyar iska, lanƙwasa ta ƙaru, zafin ya ƙaru. Haɗa da kwaltar watan Afrilu da lodi, ka ga hanyar fashewa kenan.