Araha Ba Ta Ado: Gwada Rula Kafin Ka Biya a Kantunan Shisha

Duk wanda ya taɓa sauka a Shisha lokacin aikin hajji ya san yadda unguwar take cika da zarar an gama jifa. Unguwa ce ta dogayen gidajen alhazai a gabashin Harami, maƙwabciyar Rauda da Aziziyya, dab da Mina, har wasu da ƙafa suke zuwa Jamarat su dawo. Daga 12 ko 13 ga Zulhajji hankali sai ya koma kan tsaraba. Kantuna su liƙa manyan takardu ja da rawaya an rubuta "takhfidat", wato rangwame. Wannan ya sayi dabino, wancan darduma, wata jallabiyar yara. Shi kuwa alhajin da sana'arsa kafinta ce, idonsa na kan kayan aiki: tef, sukwaya, zarto, da doguwar rular ƙarfe mai sheƙi, wadda Larabawa ke kira misɗara.

A kan wannan rula nake so mu tsaya, domin ita ce aka fi saya da ido rufe, ita ce kuma ta fi ɓarna idan ta zo da aibu. Jan kunnen bai tsaya ga alhazai ba. Ya haɗa da 'yan umara, da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Makka da akan aika wa kuɗi daga gida a ce su sayo.

Rula biyu ce, aikinsu daban

Akwai rular awo, mai lambobin inci da santimita, wadda ke gaya maka tsawon abu. Akwai kuma rular miƙewa, mai kauri da nauyi, wadda sau da yawa ko lamba ba ta da ita. Aikinta ɗaya ne: a ɗora gefenta a kan katako ko teburin inji, ta nuna inda ya yi doro da inda ya yi rami. Ita ce alƙalin sauran kayan aiki. Da ita ake duba injin share katako, da ita ake tabbatar da gefen allunan da za a haɗa da gam.

To idan alƙalin ne ya kantare fa? Zarto idan ya dakushe, hannunka zai gaya maka tun a yankan farko. Rula kuwa ba ta magana. Za ka share katako ya dace da ita, ka haɗa ƙofa, ka fesa fenti, sai an je kafawa a ga haske na leƙowa ta tsakiya. Ka zagi yaron shago, ka zargi mai katakon Na'ibawa da sayar maka da ɗanye, alhali mai laifin na rataye a bango.

Ga masu haɗa kayan kiɗa abin ya fi tsanani. Mai sassaƙa garaya, molo ko gurmi yana iya daidaita sandar da ido da gwanintar hannu. Amma wuyan jita da na al'udu ba sa yafe kuskure. Ɗan lanƙwasar da ake bari a wuyan jita don kada tsirkiya ta riƙa gugar ƙarafan da ke jere a kansa bai wuce kimanin milimita 0.25 ba. Rular da ita kanta ta kauce da rabin milimita, me za ta auna a nan?

Abin da ake nufi da "daidai"

Babu rular da ta miƙe ɗari bisa ɗari. Masana'antar kirki tana faɗin iyakar kuskuren kayanta ne a rubuce. Ƙa'idar Jamus mai suna DIN 874, wadda masu ƙera irin wannan rula da yawa ke bi, ta kasa su aji-aji: 00, 0, 1 da 2. A rula mai tsawon mita 1, aji 0 ba ya kaucewa fiye da milimita 0.012, aji 1 milimita 0.021, aji 2 kuma milimita 0.033. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin farar takardar da ake hoto da ita a ofis kusan milimita 0.1 ne, wato ninki uku na kuskuren da aka yarda wa aji mafi ƙasa.

Kai ƙarfe ga wannan matsayi aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Sai an huce shi daga taurin da ƙira ta bar masa don kada ya murɗe daga baya, a goge gefensa da inji, a auna. Shi ya sa kayan kamfanoni irin su Starrett na Amurka, wanda aka kafa a 1880, ko Mitutoyo na Japan da ya fara a 1934, suke da tsada. Idan ka ga irin wannan suna a kan rular da ke cikin kwando ɗaya da tsintsiya da kofunan roba, a kantin da kowane kaya riyal biyar ne, ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan kalmar "daidai" ko "ta ƙwararru" a jikin kwali ba shaida ba ce in babu lambar da ta biyo bayanta.

Gwaji uku a tsaye cikin kanti

Ba ka buƙatar komai sai fensir mai tsini, takarda da fitilar wayarka.

Na farko, gwajin layi. Shimfiɗa takarda ko kwali a wuri mai santsi, ka ja layi da gefen rular daga farko zuwa ƙarshe. Sai ka kifa ta, yadda wannan gefen dai zai zo wa layin ta ɗaya ɓangaren, ka daidaita bakin biyu, ka sake ja. Idan layukan sun hau kan juna, madalla. Idan sun buɗe a tsakiya ko sun gifta juna, rabin tazarar da ka gani shi ne kuskurenta.

Na biyu, gwajin haske. Haɗa gefen rula biyu, ka sa fitila a baya. Duk inda haske ya ɓullo, akwai giɓi. Sai dai a kula, biyu suna iya yi maka baki ɗaya: wannan ta yi doro, waccan ta yi rami daidai da shi, su manne kamar lafiya lau. Maganin haka shi ne ka ɗauko ta uku, ka gwada kowace da kowace. Ukun ba za su taɓa dacewa duka ba sai in sun miƙe da gaske. Da wannan dabara ce injiniyan Ingila Joseph Whitworth ya shahara tun shekarun 1830, kuma har yau a kanta ake dogara.

Na uku, gwajin yatsa. Bi gefen a hankali. Ɗan ƙari ko lotsawa da faɗuwa ta haddasa ya isa ya ɗaga rular daga kan katako. Sau da yawa kayan da aka yi wa rangwame mai yawa su ne waɗanda suka daɗe a baje, kowa ya ɗauka ya yar.

Idan mai kanti ya hana ka buɗe kwali ka gwada, riƙe kuɗinka. Gani ya kori ji.

Haƙƙinka a matsayin mai saye

Ba kowane rangwame ne yaudara ba. Akwai na gaskiya, kuma dokar Saudiyya ta tsara shi. Kantin da zai yi shelar rangwame sai ya karɓi lasisi daga Ma'aikatar Kasuwanci, ya kafe shi inda za a gani, ya kuma nuna farashin da da na yanzu a jikin kaya. Ka nemi rasit, wanda suke kira fatura. Tun Disamba 2021 aka wajabta rasit na lantarki, kuma wanda ake ba mai saye a kanti yana ɗauke da lambar QR. Harajin kashi 15 cikin 100 da ake karɓa tun Yuli 2020 ya kamata ya kasance cikin farashin da aka rubuta, ba a ɗora maka shi a wurin biya ba. Wanda aka cuta yana iya kiran 1900, layin ƙorafin masu saye na ma'aikatar.

Amma kada wannan ya sa ka sakankance. Mazaunin Makka yana iya komawa kanti gobe. Alhajin da jirginsa zai tashi daga Jidda jibi, in ya isa Kano ko Maraɗi ya tarar da aibu, wa zai mayar wa? Ka kuma lissafa kuɗin da naira ko sefa, ka kira wani a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya tambayo maka farashi. Riyal 3.75 ke dala ɗaya, don haka abin da ya yi kama da araha a Shisha yana iya fin na gida tsada. Kayan ma galibi shigo da su ake yi daga ƙasashen waje. Sayensu a Makka ba ya ƙara musu inganci.

Daga kanti zuwa shago

Rula da yawa lafiyarsu ƙalau suka bar kanti, a hanya suka lalace. Kada a cusa ta cikin jaka a ɗora mata katan ɗin dabino. A ɗaure ta tsakanin katako biyu ko a zura ta cikin bututun roba mai kauri, a sa ta a kayan awo, domin jami'an tsaro na iya hana dogon ƙarfe shiga jirgi a hannu. Mai tsawon santimita 60 tana shiga akwati kuma ta wadatar da yawancin aikin kujera, taga da wuyan jita.

A kula da zafi. A ma'aunin digiri 20 ake daidaita kayan awo a duniya, Makka kuwa da rani tana haura 40. Mita ɗaya na ƙarfe yana ƙaruwa da kusan milimita 0.23 in zafi ya hau da digiri 20, alminiyam kuma ninki biyu. Idan rana ta bugi gefe ɗaya kawai, rular takan ɗan lanƙwasa, don haka a bar ta ta huce a inuwa kafin a gwada ko a yi aiki da ita. Ta alminiyam ba ta tsatsa, ga rashin nauyi, amma saurin lotsawa gare ta. Ta ƙarfe ta fi juriya, sai dai tana son a shafa mata ɗan mai da damina. A shago a rataye ta ta huda, kada a jingina ta da bango, kada kuma yara su yanka leda da wuƙa a gefenta.

Sayi gwargwadon aikinka

Mai yin benci da allon makaranta ba ya buƙatar aji 0. Rula mai sauƙin kuɗi da ta ci gwajin layi ta ishe shi. Mai saita inji ko haɗa kayan kiɗa shi ne zai nemi mai aji a rubuce, ya biya kuɗinta sau ɗaya, ta yi masa shekaru.

Malamai sun daɗe suna ja mana kunne kan tauye mudu da sikeli, har sura guda aka saukar a kai. Kafinta ba ya awon hatsi, amma shi ma da ma'auni yake cin abinci, kuma wanda ya ba shi aikin ƙofa amana ya ba shi. Ba daidai ba ne mutum ya dawo daga Ɗakin Allah da ma'aunin da zai riƙa tauye wa mutane haƙƙi, ko da bai sani ba. Saboda haka, Alhaji, in za ka fita sayayya, jefa fensir da takarda a aljihun jallabiya. Minti biyar ne. Allah ya karɓi ibada, ya sa albarka a sana'a.