INSHORA A SABON IBADAN: ARHA KO AMANA?

Unguwar Sabo da ke birnin Ibadan, wanda tsofaffin fatake ke kira Badun, an kafa ta ne a shekarar 1916, ba da daɗewa ba bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano. A wancan zamani abu biyu ne ƙashin bayan arzikin unguwar, watau shanun da ake saukowa da su daga Arewa, da goron da ake haurawa da shi daga Kurmi. Dukkansu kuwa dukiya ce mai kwana a kan hanya, kuma duk abin da ke kan hanya yana tsakanin riba da hasara har ya isa hannun mai shi.

Mutanen da ba su rasa dabarar kare kansu ba. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo ya kuma buga littafi a kanta a 1969, ya bayyana yadda maigida ke saukar da baƙon falke, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sa'an nan ya tsaya lamuni idan an ba mahauta shanu bashi. In mahauci ya gaza biya, maigida ne zai ɗauki nauyin, domin sunansa shi ne jarinsa. Wannan tsari ya kare falke daga macuci, amma ba ya kare shi daga faɗuwar mota a dajin Mokwa, ko gobara a rumbu, ko ambaliya irin ta rafin Ogunpa wadda ta auka wa Ibadan ran 31 ga Agusta 1980, ko wadda ta sake aukuwa ran 26 ga Agusta 2011. A nan ne maganar kamfanonin inshora ta shigo.

DAGA RUWA ZUWA TUDU

Asalin wannan sana'a a kan ruwa aka haife ta. Fataken Turai masu aika jiragen ruwa ƙasashe masu nisa su ne suka soma biyan wani abu kaɗan ga attajiran da suka yarda su rama musu in jirgi ya nutse. Shahararriyar kasuwar inshora ta Lloyd's da ke London ta samo asali ne daga wani shagon shan gahawa inda masu jirage ke taruwa a ƙarshen ƙarni na 17. Har yau inshorar kayan da ke tafiya a mota ƙanwar inshorar jiragen ruwa ce, ƙa'idodinsu kusan ɗaya ne.

A Nijeriya an yi dokar inshorar motoci a 1945, da ta jiragen ruwa a 1961. A 1997 aka kafa hukumar NAICOM don ta sa wa kamfanoni ido. A watan Agusta na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a wata sabuwar doka wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya zuwa Naira biliyan 15.

INDA BABU CINIKI

Abu na farko da ya kamata mai mota ya sani shi ne, akwai inshorar da ba a tayawa. Wannan ita ce ta dole, wadda ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wani. Daga ran 1 ga Janairu 2023 NAICOM ta yanke kuɗinta a kan Naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, maimakon Naira 5,000 na da, diyyar dukiyar da aka ɓata kuwa har Naira miliyan 3. Babbar motar haya mai ɗaukar kaya aka yanka mata Naira 100,000, diyyarta har Naira miliyan 5. Keke mai ƙafa uku Naira 5,000, babur kuma Naira 3,000.

Saboda haka duk wanda ya tare direba a tasha ya ce zai yi masa takardar tirela a kan kuɗin da bai kai wannan ba, to, abin tuhuma ne, domin sau da yawa irin wannan takarda ta jabu ce. Tana iya wuce shingen 'yan sanda, amma ran da aka yi karo ba ta da uba. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake duba lambar mota ta waya a ga ko takardarta ta gaskiya ce. Kuma a tuna, wannan inshora ba ta biyan gyaran motar mai ita, ba ta kuma biyan ko huhun goro ɗaya da ke cikinta.

INDA AKE AUNAWA

Cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da motar kanta, a nan ne kamfanoni ke bambanta. Hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Amma kuɗin shekara ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. A kowace yarjejeniya akwai wani kaso na hasara wanda mai dukiya zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya saura.

Alal misali, a ce mota ta kai Naira miliyan 40. Kamfani na farko ya nemi Naira miliyan 2, amma mai mota zai ɗauki kashi 10 cikin 100 na kowace hasara. Na biyu ya nemi miliyan 2 da dubu 400, kason mai mota kuwa kashi 5 ne. In aka yi ɓarnar miliyan 10, na farko zai biya miliyan 9, na biyu miliyan 9 da rabi. Ashe wanda ya guji ƙarin dubu 400 ya yi hasarar dubu 500.

Akwai kuma tarkon da mutum ke ɗana wa kansa. Wani yakan rage darajar kayansa a takarda don kuɗin ya yi sauƙi. Idan goron miliyan 10 aka rubuta shi a kan miliyan 5, sa'an nan na miliyan 4 ya ƙone, kamfani miliyan 2 kaɗai zai biya, domin rabin dukiyar aka yi wa inshora. Araha dai ba ta ado.

Bugu da ƙari, sai a karanta abubuwan da aka keɓe. Galibi inshorar kaya ba ta biyan lalacewar da kaya ke yi don kansu, kamar goro ya yi sankara ko ya bushe saboda jinkiri. Dabbobi masu rai suna da tasu yarjejeniya daban. Hasarar tarzoma, irin wadda ta cinye shaguna a kasuwar Shasha a Fabrairu 2021, sau da yawa sai an ƙara kuɗi aka rubuta ta musamman.

MASU JIRAGEN RUWA

Wannan ma'auni shi ne na mai ƙaramin jirgin ruwa, ko na shaƙatawa ne a madatsar Eleyele ta Ibadan, ko na fito ne a Yawuri ko Jebba. Abu uku ake yi wa inshora: jikin jirgin, injinsa, da alhakin fasinjoji. Kamfani zai tambayi shekarun jirgin, ko na katako ne ko na roba, ruwan da yake bi, da ko yana da rajistar hukumar NIWA. Wanda ya yi lodi fiye da kima ko ya yi tafiyar dare bayan yarjejeniya ta hana, ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Haɗarin da ya auku a yankin Patigi na Jihar Kwara a Yuni 2023, inda fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu, ya isa ya nuna cewa alhakin rayuka ya fi kuɗin inji nauyi nesa ba kusa ba.

MAGANAR ADDINI

Sabo unguwar malamai ce, kuma malamai da yawa suna ƙyamar inshorar da aka saba da ita saboda riba da rashin tabbas da kama da caca. Don haka aka fito da tsarin takaful, wanda aka fara a Sudan a 1979. A cikinsa kuɗin da kowa ya zuba gudummawa ce ga asusu guda, daga ciki ake taimakon wanda masifa ta sama, in an sami rara kuma a raba wa waɗanda suka zuba. NAICOM ta fitar da ƙa'idodinsa a 2013, kuma a 2016 aka ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasin. Amma ko a nan sai an karanta sharuɗɗa, domin kason hasara da abubuwan da aka keɓe suna nan daram.

A TAMBAYI WANDA AKA BIYA

Kamfani ma yana iya durƙushewa. A 2022 NAICOM ta soke lasin Niger Insurance da Standard Alliance, alhali kuwa sunaye ne da jama'a suka daɗe da sani. Don haka mai hankali zai nemi farashi a rubuce daga kamfani uku a kan sharuɗɗa iri ɗaya, ya tabbata kowannensu yana da lasi mai rai, ya biya kuɗin ya karɓi rasit, domin ƙa'ida ita ce in ba a biya ba, babu inshora. In haɗari ya auku kuwa, a sanar da kamfani nan da nan, a nemi rahoton 'yan sanda, a adana takardar lodi.

Falken da yakan yi bincike a kan maigida kafin ya sauke masa shanunsa: shin yana cika alkawari ran da bashi ya ruɓe? Wannan ita ce tambayar da ta dace a yi a kan kowane kamfani. Amsarta kuwa ba ta bakin wakilin da ke neman la'ada za ta fito ba, sai ta bakin mai motar da ta taɓa faɗuwa aka kuma biya shi.