AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yaya Za Mu Gyara Filin Wasan Garinmu Kafin Gidaje Su Cinye Shi?

A wannan mako mun haɗa takardu uku da suka zo mana daga tsakiyar Jihar Katsina, domin duk kan magana ɗaya suke.

TAMBAYA: Takarda ta farko ta fito daga hannun wani mai sauraronmu a Tamawa. Ya ce filin da samarinsu ke buga ƙwallo, inda kuma ake yin dambe da kokawa in an gama girbi, kullum ƙara tsukewa yake yi. Gini ya matso ta gabas, ruwa kuma yana cin gefensa na yamma. Samari sun fara tara kuɗi don su gina rumfar 'yan kallo. Yana tambaya, shin wane ne ke da alhakin irin wannan fili, kuma da me ya kamata a fara?

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda taka. Abin da kake gani ba a garinku kaɗai yake faruwa ba. A ƙidayar 2006 an sami mutane kimanin dubu 170 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, Kurfi kuwa fiye da dubu 110. Bayan nan, a 2011, Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke nan tun kafin jami'ar. Malamai da ɗalibai da ma'aikata duk suna neman wurin zama. Matsalar tsaro ma ta sa mutanen ƙauyuka da dama sun koma garuruwan da ke bakin hanya. In mutane suka yi yawa, ƙasa kan yi tsada, filin da ba shi da takarda kuwa shi ake fara sa wa ido.

Game da alhaki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana a madadin jama'a. Ƙasar da aka ayyana a matsayin ta birni, gwamna ke ba da takardar shaidar mallakarta. Wadda ke karkara kuwa, ƙaramar hukuma na da ikon ba da izinin mallaka irin na gargajiya. Sannan tsarin mulki na 1999, a jerin ayyukan da ya lissafa wa ƙananan hukumomi, ya sa har da ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da aka bari don jama'a. Ka ga ke nan in kun je sakatariya da wannan magana, haƙƙinku kuka je nema.

Amma fa ku dakata da maganar rumfa tukuna. Abu na farko shi ne a san filin na wane ne. Wani filin na makarantar firamare ne, wani gonar gado ce da mai ita ya bar wa yara su yi wasa, wani kuma tsohuwar makiyaya ce ko burtali. In na makaranta ne, da hukumar ilmi za ku yi magana. In gonar wani ce, a zauna da shi da magadansa, ko dai a saya, ko a yi masa musanya, ko ya bayar wakafi saboda Allah. Ko wanne aka yi, a rubuta, a sa shaidu. Kyautar baki takan mutu tare da mai ita, ranar rabon gado sai ka ji 'ya'ya sun ce su ba su san zancen ba.

Daga nan sai ku bi ta kan mai unguwa da dagaci har zuwa ga hakimi, wato Maraɗin Katsina a Kurfi ko 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma, gwargwadon ƙasar da filin ya faɗa. Sai a nemi masu awon ƙasa su zo su auna, su kafa turakun siminti a kusurwoyi, su fitar da taswira. Takardar kuma kada a yi ta da sunan mutum ɗaya, ko da shi ne ya fi kowa kirki a gari. A yi ta da sunan ƙungiyar ci gaban gari mai rajista, a ajiye kwafi a gidan dagaci, ɗaya a sakatariya, ɗaya a hannun ƙungiya. Kuɗin da samari suka tara, nan ya kamata ya fara tafiya.

Wannan dabara ta daɗe a duniya. A Ingila, tun 1925 aka kafa wata ƙungiya don kare filayen wasa daga masu gine-gine, har ta ba da shawarar a ware eka 6 ga kowane mutum 1,000. Mu a nan ba lalle mu kai wannan ba, amma dai darasin a fili yake: gari in ya cika, ba a sake samun filin da za a ware.

Girman da ake bukata kuwa, filin ƙwallo na manyan wasanni yakan kasance mita 105 a tsawo, mita 68 a faɗi. Dokar ƙwallo ta yarda da mafi ƙanƙanta har zuwa mita 90 da mita 45, saboda haka kada ku karaya in naku bai kai na birni ba. In da hali, ku nemi mita 120 da mita 80, wato ƙasa kaɗan da hekta ɗaya, kusan eka biyu da rabi, don a sami wurin tsayuwar 'yan kallo. Tsawon filin ya miƙe kudu da arewa. In aka sa raga gabas da yamma, to mai tsaron gida na ɓangare ɗaya rana za ta riƙa dukan idonsa bayan la'asar, lokacin da aka fi yin wasa. Ita raga faɗinta mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, kowane mai walda zai iya haɗa ta da bututun ƙarfe.

Sai maganar ruwa, wanda shi ne babban mai kashe fili. In damina ta faɗi, ku fita bayan an ɗauke ruwa ku ga ta inda yake shigowa da inda yake kwanciya, ku kafa alama. Tsakiyar fili ya kamata ta ɗan fi gefe tudu da kamar santimita 30 zuwa 35, wato kamar tsawon rular 'yan makaranta, yadda ruwa zai gangara hagu da dama. Magina sun san awon wannan da tiyon ruwa. A haƙa lambatu a kewaye ya kwashe ruwan zuwa inda ba zai shiga gidan kowa ko gonar kowa ba. Inda ya riga ya fara cin ƙasa, a jera duwatsu da buhunan ƙasa, a dasa jema ko gamba a layi, saiwarsu za ta riƙe wurin. In za a yi ciko, burji ya tsaya a ƙasa, a rufe shi da ƙasa mai laushi, don tsakuwa na yanke gwiwar yara.

Wasu za su ce a shuka ciyawa. To, bari mu yi lissafi. Filin mita 105 da 68 murabba'in mita 7,140 ne. A ce da rani ciyawa na shan ruwa mai zurfin milimita 5 kacal a yini, wannan lita 35,700 ke nan, fiye da jarka 1,400 mai cin lita 25, kullum ta Allah. Garin da mata da yara ke layi a bakin famfo ba zai iya wannan ba. Ku bar kiri-kiri ta fito da kanta da damina, ku riƙa yanke ta, da rani kuma a yi wasa a kan ƙasa mai laushi wadda aka tsince duwatsu da ƙaya.

Shinge ma haka. Kewayen mita 120 da 80 mita 400 ne. Katanga mai tsayin mita 2 za ta ci bulo wajen 8,000, ban da siminti da yashi da ladan magina. Amma in kun dasa bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, kowace mita 8 itace ɗaya, guda 50 sun kewaye filin. A dasa su cikin Yuli, a yi musu kariya da ƙaya saboda awaki, a raba wa samari kowa da nasa ya shayar da rani. Cikin 'yan shekaru ga inuwa, ga iyaka da kowa ke gani, ga kuma kariya daga iskar hunturu. Katanga ta biyo baya, sashe-sashe, a fara da ɓangaren da gini ke matsowa.

Ka tuna da filin wasa na Karkanda a Katsina, wanda daga baya aka sa wa sunan Sarki Muhammadu Dikko. An fara aikinsa a farkon shekarun 1990, ya tsaya shekara da shekaru, sai a 2013 aka buɗe shi zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema. In aikin gwamnatin jiha zai yi wajen shekara ashirin yana jira, to ƙaramin gari ya yi hattara da fara abin da ya fi ƙarfinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYA: Wani manomi daga ƙasar Kurfi ya ce, shi yana ganin wannan ɓarnar ƙasa ce. Eka biyu da rabi ai gero da wake za ta bayar. Me ƙwallo za ta ƙara wa talaka?

AMSA: Baba, maganarka tana kan hanya, domin wanda bai ci ba ba ya gudu. Shi ya sa ake so a zaɓi fako ko wurin da bai cika amfani ba, kuma kada a karɓe gonar kowa ba tare da haƙƙinsa ba. Dokar 1978 ta ce in hukuma ta karɓi wuri don amfanin jama'a, sai ta biya diyyar amfanin gona da gini da sauran abin da mai wurin ya kashe a kai.

Amma duba wannan. Damina a ƙasarku wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Daga an kai amfani gida, yaron da bai tafi cin rani ba, bai kuma sami aikin lambu a bakin madatsar ruwa ta Zobe ba, yini yake yi ba abin yi. Zaman banza kuwa shi ke kai yaro ga shaye-shaye da miyagun abokai. Yaron da ke da wasa ranar Juma'a, da mai horarwa da zai kore shi in ya zo a buge, yana da abin da zai sa ya kama kansa. Kuma kai uba ka san inda yake daga la'asar zuwa magariba.

Filin kuma ba na 'yan ƙwallo kaɗai ba ne. A ware da'ira mai yashi don kokawa da dambe da langa. Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe wannan da kyau: tun 1975 suka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, ana ba zakara takobi, kuma manyan garuruwan jihohinsu, har da Maraɗi, suna da filin kokawa na musamman. A bar wani gefe mai mita 18 da 9 don ƙwallon raga, inda 'yan makaranta mata za su yi wasansu da malamarsu a lokacin da aka keɓe musu. A kafa lilo don ƙananan yara nesa da titi. Dattawa su sami inuwar dara. A yi makewayi da wurin alwala. Da kaka, in an yarda a shanya amfani a gefe, a sa rana da za a kwashe, kada a bari mota ko amalanke ta shiga tsakiyar fili ta farfasa shi.

TAMBAYA: Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa a Dutsin-Ma. Ya ce ya sha ba da gudummawa, aiki kuma ya lalace bayan shekara biyu. Ina za a sami kuɗin kula da fili?

AMSA: Alhaji, ka taɓo inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi. Gyara ba shi da wuya kamar riƙo. Hanyar farko ita ce ƙaramar hukuma. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ku rubuta takarda ta hannun kansilanku tun kafin a tsara kasafin shekara, ku faɗi abu ɗaya takamaimai, misali gireda na kwana biyu, ko kwalbati, ko fitilu masu aiki da hasken rana. Buƙata ƙarama mai adadi ta fi saurin samun shiga. Haka za ku yi wa 'yan majalisarku na jiha da na tarayya.

Hanya ta biyu aikin gayya: tsintar duwatsu, haƙar lambatu, dashen itace. Ta uku kuɗin ƙofa ranar gasa ko dambe, da ɗan abin da masu rake da tsire da ƙosai da fura za su bayar na wurin zama. Ranar babban wasa ai kasuwa ce ƙarama, har masu babura da masu shayi suna samu. Wasu garuruwan kan gina shaguna a jikin katanga ta waje su ba da haya. Dabara ce mai kyau, amma ta nan ne filaye da yawa suka salwanta, shago biyar ya zama hamsin. In za ku yi, a rubuta adadinsu a takardar ƙungiya, ƙofofinsu su kalli titi, kuma kada a sayar da ko ɗaya.

Kuɗi kuwa a buɗe musu asusu a banki, mutum uku su sa hannu: dattijo ɗaya, ɗan kasuwa ɗaya, wakilin samari ɗaya. Duk wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a, a manna kwafi a ƙofar fili. A ɗauki mai gadi ɗaya da za a riƙa biya ko da kaɗan ne. Kai kuma da za ka bayar, ka nemi ganin takardar fili kafin ka sa hannu a aljihu. In babu ita, to gudummawarka ta farko ta zama ta kuɗin awo.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Sauran takardunku suna nan a hannu, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.