Ina Ruwan Ɗan Daura Da Tarihin Amurka?

Tambayar da na yi a raina ke nan ran da Malamin Tarihi ya fara mana wannan darasi. Ya ce kafin 1929 arziki ya bunƙasa a Amurka, har lebura yakan sayi mota da rediyo, amma yawanci bashi ne. A watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta rushe, bankuna suka yi ta rufewa. Ya zuwa 1933, cikin ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki.

Da na ba kakana labari, sai ya ce ai wahalar ta iso har gidanmu. Zamanin Sarki Abdurrahman ne, mahaifinsa yana kai gyaɗa Kano bisa jakuna. Da kasuwa ta mutu a Turai, kuɗin gyaɗa ya faɗi ƙasa da rabi, ga fara ta cinye gero, mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba. Dole ya sayar da jakunansa biyu.

Malam ya ce yaƙin Hitila, wanda Amurka ta shiga a 1941, shi ya mai da mutanenta bakin aiki. A nan kuwa samari aka ɗiba zuwa Bama, har da ƙanen mahaifin kakana, wanda bai komo ba.