Kafin Ka Hau Bishiya, Duba Lambar Igiyarka

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa, matasa na hawa kuka ko ɗorawa don rataya amya, wasu kuma don kafa eriya. Yawanci igiyar guga suke ɗaurawa a ƙugu. Ita kuwa roba ce da rana ke cinyewa, sai ta tsinke ba zato.

Igiyar hawa ta gaskiya ta nailan ce, zare a ciki, saƙa a waje. Mai lamba EN 892 tana talewa, ta masu hawan duwatsu ce. Mai lamba EN 1891 ba ta talewa sosai, ita ta dace da aikin bishiya. Nemi nau'in A mai kaurin milimita 10 zuwa 11. Tana jure aƙalla 22 kN, kusan kilo 2,200, amma ƙulli na rage wannan ƙarfin.

Ɗaura ta a reshe mai ƙarfi sama da kanka, ka haɗa ta da ɗamarar hawa mai kama cinyoyi. Kada ka bar ta da sako-sako, domin faɗuwa a kan igiyar da ba ta talewa na iya ji maka mummunan rauni.

A gida, nisanta ta da batirin sola. Ruwan batir na cin nailan ba tare da alama ba.