Tudu da Kwari: Me Tsayin Ƙasa Ke Nufi Ga Jihohinmu?

Jos da Yola kusan nisansu ɗaya daga layin da ya raba duniya gida biyu, amma a bazara zafin Yola kan kai digiri 40, na Jos kuwa ba ya yin nisa da 30. Dalili shi ne tsayin ƙasa: Jos tana kimanin mita 1,200 sama da doron teku, Yola kuwa tana kwarin Binuwai, ƙasa da mita 200. A duk hawan mita 1,000, iska kan ƙara sanyi da kusan digiri 6.5. Shi ya sa dankalin turawa ke yi a Filato, ganyen shayi kuma a tsaunin Mambila.

Sai dai masu kwatanta jihohi sukan ba kowace jiha lamba ɗaya, kuma a nan kuskuren yake. Ɗauki Taraba: a cikinta dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, kuma a cikinta garuruwan bakin Binuwai irin su Ibi da Lau suke, inda ambaliya ke cin gonaki. Matsakaicin lissafi zai ce Taraba ƙasar tudu ce, alhali manomin Lau kwari ya sani. Haka nan tudu bai san iyakar jiha ba. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Filato shi ke ciyar da kogunan Kaduna da Gongola da Jama'are, don haka sare dazuzzuka a sama yakan zama masifar mutanen ƙasa.

Wani zai ce ai Maiduguri ta fi Lakwaja tsayi nesa ba kusa ba, tana kan mita 300 da wani abu, amma ruwa ya shanye ta a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, to ina amfanin wannan awo? Hujjar tana da ƙarfi, sai dai tsayin da ta auna ba shi ne mai kare gida ba. Tsayi daga teku yana bayyana yanayi da irin shuka. Abin da ke hukunta ambaliya shi ne tsayin unguwa a kan kogin da ke kusa da ita. Maiduguri shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai gangarawa a hankali zuwa Tafkin Chadi, don haka ruwan kogin Ngadda da ya fito bai da wurin gudu da sauri, kuma bambancin 'yan mitoci ke raba gidan da ya tsira da wanda ya rushe.

Saboda haka taswirar da muke buƙata ta unguwa-unguwa ce. Tauraron ɗan'adam ya riga ya sauƙaƙa wannan awo. Wajibi ne hukumomin filaye su duba ta kafin su yanka fuloti, su hana gini a fadama da hanyar ruwa, domin talaka ne ke sayen fili mai araha a kwari, shi ne kuma ke fara rasa muhalli idan damina ta yi ƙarfi.