Rage ƙiba a gida ga mai fama da gajiya: a fara gano dalilin gajiyar, sannan a motsa jiki kaɗan-kaɗan

A unguwannin Hausawa na birane irin su Garwa, Marwa, Yawunde, Njamena da Kwatano, an fara daina kallon ƙiba a matsayin alamar hutu da wadata kawai. Masu yawan nauyi na ƙara jin likita yana cewa su rage jiki saboda hawan jini, ciwon sukari ko ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ƙibar da ta wuce kima.

Da yawa ba su da kuɗin shiga gidan motsa jiki, mata da dama kuma ba sa son fita guje-guje a titi, don haka gida ne wurin da ya rage musu. Sai dai gajiya kan tare hanya tun ranar farko. Mutum ya tashi jiki a mace, ya kunna bidiyon motsa jiki a waya, ya yi tsalle-tsalle na minti 30, washegari ya kasa tashi, daga nan ya watsar da abin.

Ga mai irin wannan hali, hanyar da ta fi aminci ita ce a fara gano dalilin gajiyar, a soma motsa jiki da abin da bai kai ƙarfin mutum ba, a kuma bar yawancin aikin rage nauyi ga gyaran ci da sha.

Gajiya iri-iri ce

Akwai gajiyar da rashin motsi ke kawowa. Jikin da ya daɗe a zaune, a shago ko a kan keken ɗinki ko a bayan sitiyari, tsokokinsa kan yi rauni, zuciya da huhu su saba da hutu, har hawan bene ɗaya ya zama aiki. Irin wannan gajiya motsa jiki ne maganinta. A shekarar 2008, masu bincike a jami'ar Jojiya ta Amurka sun gwada matasa 36 da ba sa motsa jiki kuma suke kukan gajiya kullum. Waɗanda aka sa su tuƙa keken motsa jiki a hankali, minti 20 sau uku a mako har mako shida, gajiyarsu ta ragu da kashi 65 cikin 100, fiye da waɗanda aka sa su yi da matsakaicin ƙarfi. Binciken ƙarami ne, amma ya nuna cewa ba sai an wahalar da jiki ake samun amfani ba.

Akwai kuma gajiyar da ciwo ke kawowa, wadda tsalle-tsalle ba ya warkar da ita. Na gaba a jerin shi ne ƙarancin jini. OMS ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 na da shi, kuma a yammaci da tsakiyar Afirka adadin ya zarce haka. Yawan zubar jinin al'ada, haihuwa kusa-kusa, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki duk suna jawo shi. Mai ƙiba ma na iya zama ba shi da isasshen jini, domin cikar jiki ba ta nuna abin da ke cikin jijiya.

Ciwon sukari shi ma yakan zo da kasala, ƙishirwa da yawan fitsarin dare. Haka nan ƙululun wuya da ake kira tiroyid, wanda kumburinsa ne ake cewa maƙoƙo: idan aikinsa ya yi ƙasa, mutum kan ji gajiya da sanyi, fata ta bushe, nauyi ya ƙaru. Mai ƙiba da ke yin minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, yakan wayi gari kamar bai runtsa ba, ya yini yana gyangyaɗi. Ciwon damuwa kuma yakan fito a siffar mutuwar jiki da rashin sha'awar komai.

Nau'i na uku ba shi da yawa, amma saninsa na da muhimmanci. Wasu mutane, musamman bayan sun tashi daga wata cuta kamar korona, idan suka yi ɗan aiki kaɗan sai jikinsu ya rushe bayan awa 12 zuwa 48, su kwanta na kwanaki. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawarar a riƙa ƙara wa masu irin wannan ciwon gajiya motsa jiki mataki-mataki. Wanda ya ga wannan alama a jikinsa, likita ya kamata ya nema, kada ya matsa wa kansa.

Awon da ya kamata a fara yi

Idan gajiya ta wuce makonni ba tare da dalili bayyananne ba, awo kaɗan a asibiti na iya warware zancen. Awon jinin da ake rubuta NFS a takardar likita yana nuna yawan hemogulobin: ƙasa da giram 12 ga macen da ba ta da ciki, ko ƙasa da 13 ga namiji, ƙarancin jini ne. Awon sukari da safe kafin a ci komai, idan ya kai giram 1,26 a lita sau biyu, ciwon sukari ne. Tansiyon da ke tsayawa a 14/9 ko sama hawan jini ne. Idan akwai zazzaɓi sai a ƙara awon cizon sauro, awon TSH kuma shi ke duba aikin tiroyid.

Akwai waɗanda bai kamata su fara komai ba sai sun ga likita: mai ciwon ƙirji, mai haki ko yana zaune, mai kumburin ƙafafu, mai suma ko jiri, mai ciwon sikila, mace mai ciki ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, balle idan aiki aka yi mata. Mai yin allurar insulin ko shan maganin sukari ya nemi bayani, domin motsa jiki na iya sauke sukarin jini fiye da kima. Wanda kuma yake ramewa ba da niyyarsa ba, ga gajiya, ga tarin da ya wuce mako biyu da zufar dare, kada ya yi murnar raguwar nauyi, ya je a duba tarin fuka.

Yadda ake farawa

OMS ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Wannan shi ne inda ake son kaiwa, ba inda ake farawa ba. Hukumar da kanta ta ce ko ɗan kaɗan ya fi zama haka nan, wato da babu gara ba daɗi.

A mako biyu na farko, minti 5 zuwa 10 a rana sun isa. Ana iya zagaya tsakar gida, ko a tsaya wuri ɗaya ana ɗaga gwiwoyi kamar mai tafiya idan ɗakin haya ne babu fili. Ma'aunin ƙarfi shi ne magana: idan mutum na iya yin hira yana tafiya amma numfashinsa ya ɗan ƙaru, daidai ne. Idan ba ya iya haɗa jimla, ya wuce gona da iri. A dakata tun da sauran ƙarfi a jiki.

Daga mako na uku sai a riƙa ƙara minti biyu ko uku kowane mako, har a kai minti 30 a rana cikin wata biyu ko uku. Ba dole a yi su a haɗe ba. Minti 10 bayan asuba, 10 bayan abincin rana, 10 da yamma, duk ɗaya ne a lissafi, kuma tafiya bayan cin abinci na taimakawa wajen rage hawan sukarin jini.

Aikin tsoka ba ya buƙatar sayen komai. A zauna kan kujera mai ƙwari a tashi ba tare da dafa hannu ba, sau 5 zuwa 8. A dafa bango da tafukan hannu, a lanƙwasa hannuwa har ƙirji ya kusanci bangon, a turo baya. A riƙe bayan kujera a yi ɗage a sauka a hankali. A ɗauki goran ruwa na lita ɗaya da rabi, wanda nauyinsa kilo ɗaya da rabi ne, ana ɗagawa ana saukewa. Sau biyu a mako ya wadatar, da kwana ɗaya aƙalla a tsakani. Mai nauyi sosai ya ƙyale tsalle da igiya da hawa dakali da gudu a farko, saboda gwiwoyi da idon sahu.

Washegari ne ke faɗar gaskiya. Idan mutum ya tashi kamar yadda ya saba ko ya fi jin daɗi, ya ci gaba. Tsamin tsoka na kwana ɗaya zuwa uku ba abin damuwa ba ne. Amma idan gajiya ta hana shi aikinsa, ya rage rabin abin da ya yi. Ciwo mai suka a gaɓa, ko nauyi a ƙirji, alama ce ta a tsaya nan take.

Aikin gida irin su daka, shara da ɗiban ruwa suna shiga lissafin motsa jiki idan sun ɗaga numfashi. Tsayuwar yini a bakin murhu ko a kan teburin kasuwa kuwa tana gajiyar da ƙafafu da baya ba tare da ta motsa zuciya sosai ba, shi ya sa mace kan yini tana aiki amma jikinta bai ƙaru da komai ba.

Lokaci ma abin lura ne. A Njamena, Kuseri da Marwa zafi kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, don haka sanyin safiya ko gab da magariba ya fi, tare da shan ruwa kafin a fara da bayan an gama. A watan azumi kuma, bayan buɗa baki ya fi sauƙi ga mai fama da gajiya.

Lissafin da ke hana karaya

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da nauyi da sauri. Kilo ɗaya na kitse daidai yake da kalori kusan 7700. Mai kilo 80 da ya yi tafiya da sauri ta minti 30 yana ƙone kimanin kalori 150, ke nan sai ya yi sama da kwana 50 kafin kilo ɗaya ya tafi, idan cinsa bai canza ba. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya na santilita 33 na ɗauke da kalori kusan 140 da sukari giram 35, cokalin miya ɗaya na mai kuma kalori kusan 120. Lemo ɗaya kan mayar da abin da tafiyar ta cire.

Saboda haka wurin da ya fi saurin biya shi ne abin sha da mai. OMS na son sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi. Shayi zagaye uku, kunu, fura, da zoɓon da ake kira folere a Kamaru ko karkanji a Cadi, suna iya zarce wannan adadi kafin la'asar. Rage sukarinsu, rage soye-soye irin su fanke, da rage malmalar tuwo ko tulin shinkafa a ƙara ganye, sun fi ƙaurace wa abinci.

Mai gajiya bai kamata ya zauna da yunwa ba, domin za ta ƙara kashe masa jiki, ya rama da dare. Wake, ƙwai, kifi, nono, hanta, zogale, rama da alayyafo suna riƙe ciki, wasunsu kuma suna ba da sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata. Shayi da kofi suna rage shigar wannan sinadari idan an sha su tare da abinci, don haka a ba da tazarar awa guda. Lemon tsami, lemon zaƙi, gwaiba da tumatir kuwa suna taimaka masa shiga. Barcin awa bakwai aƙalla shi ma yana cikin tsarin, domin ƙarancin barci na ƙara yunwa.

Abubuwan da ke ƙara dagula lamari

Da yawa daga cikin shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da TikTok suna ɗauke da filasko ko maganin sa fitsari. Abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kitse na nan, gajiya kuma ta ƙaru. An sha gano sinadarin sibutiramin a ɓoye cikin irin waɗannan kayayyaki, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Naɗa leda a ciki don a yi zufa shi ma ruwa kawai yake zubarwa, kuma babu wani motsi da ke narkar da kitsen tumbi shi kaɗai.

Matan da suka daɗe suna shan ƙwayoyin ƙara jiki da ake kira sha-ka-fashe su sani cewa wasunsu, irin su dekisametazon, suna tara kitse, suna raunana tsoka, suna ɗaga sukari da tansiyo. Barinsu farat ɗaya kuma na iya jawo mummunar kasala da faɗuwar tansiyo, don haka likita ne zai tsara yadda za a rage su.

Abin da za a sa ido a kai

Nauyi kan hau ya sauka da kilo ɗaya ko fiye tsakanin yau da gobe saboda ruwa da abinci, don haka hawa sikeli sau ɗaya a mako da safe ya isa. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau. Tef ɗin tela ma ma'auni ne: ana son kewayen ciki ya gaza rabin tsawon mutum, wato ƙasa da santimita 80 ga mai tsawon santimita 160.

Ba sai an koma jikin ƙuruciya ake cin riba ba. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutane sama da 3000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka ɗora kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, wannan bai kai kilo shida ba.

Sau da yawa jiki kan nuna sauyi kafin sikeli: barci ya yi daɗi, haki ya ragu, tashi daga tabarma ko daga sujada ya yi sauƙi. Idan kuwa an yi mako shida zuwa takwas ana bin tsarin a hankali amma gajiyar na nan yadda take, ko tana ƙaruwa, sai a koma asibiti a faɗaɗa bincike maimakon a ƙara wa jiki aiki.